Muhawara: Kyauta ko hannun jari, wanne zai riƙe cibiyar renon masu ƙera na'urorin asibiti?

Alhaji Sani, mai zuba jari:
Assalamu alaikum. Ana ta maganar kafa cibiyar da za ta reni ƙananan kamfanoni masu ƙera na'urorin asibiti masu araha, irin su fitilar maganin ciwon shawara ta jarirai, na'urar auna oksijin a yatsa da injin tace oksijin. Matsayina a fili yake: kada a ba kowa kuɗi kyauta. Cibiyar ta zuba kuɗi ta karɓi kaso a kowane kamfani, yadda cikin shekara biyar ribar waɗanda suka tsaya da ƙafarsu za ta riƙe ta. Haka cibiyar renon kamfanoni ta Y Combinator ke yi a Amurka, dala 125,000 a kan kashi 7 cikin ɗari, kuma ba ta jiran kasafin wata gwamnati. Kuɗin kyauta rubuta takardar neman tallafi yake koya wa matashi, ba ya koya masa sayar da kaya.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, lissafin shekara biyar ɗin ne ba zai fita ba. Shirin Y Combinator na wata uku ne, kuma akasarin kamfanoninsa manhaja suke rubutawa, wadda in an ga kuskure yau gobe an gyara an tura wa kowa ta intanet. Abin da zai taɓa jikin jariri ba ya tafiya haka.

Mu ɗauki fitilar shawara, mafi sauƙi a cikin ukun da ka ambata. Haɗa samfurin farko ba wuya: ƙwayoyin LED masu shuɗin haske na tsakanin nanomita 460 da 490, farantin alminiyam mai janye zafi, batir da caja. Ɗalibin injiniya na ajin ƙarshe a ABU ko BUK zai haɗa ta. Aikin yana gaba. Sai an nuna cewa hasken da ke sauka a fatar jariri ya kai maikirowat 30 a kowane murabba'in santimita a kowane nanomita, kuma ya bazu daidai, ba a tsakiyar gado kaɗai ya taru ba. Sai an sake aunawa bayan dubban sa'o'i, domin LED ɗin da zafi ya gasa yana ci gaba da haske a ido alhali ƙarfin maganinsa ya sauka. Ga gwajin lantarki na ƙa'idar duniya ta IEC 60601-1, ga na 60601-2-50 da aka ware wa fitilun shawara. Duk lokacin da gwaji ya kama aibu, sai a sake zane, a sake buga allon lantarki, a koma layi. Bayan nan ne za a biya kuɗin mazubin roba, wanda ake biya gaba ɗaya tun ba a sayar da ko guda ba. Ba abin mamaki ba ne shekara biyar ɗinka ta ƙare kamfani bai wuce odarsa ta farko ba. Kashi 7 na wannan ba zai biya albashin mai gadin cibiyar ba, balle na injiniyoyi.

Malama Hadiza, mai ba da shawara kan rajistar na'urori:
Zan ɗora a kan maganar Injiniya. Abin da ke kashe irin waɗannan kamfanoni shi ne su gama ƙira sannan su tuna da takarda. NAFDAC ce ke rajistar na'urorin asibiti a Najeriya, kuma kowace hukuma a duniya abu ɗaya take tambaya: ina shaidar yadda aka zo nan? Me aka ce na'urar za ta yi, wa ya sa hannu, wane haɗari aka hango bisa tsarin duniya na kula da haɗari, ISO 14971, me aka yi a kansa, daga wa aka sayi kowane sashi? In ba a rubuta waɗannan tun ranar farko ba, ba a iya ƙirƙiro su daga baya, sai dai a maimaita aikin. Gwaji a kan marasa lafiya kuma sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, wanda ke ƙarƙashin kulawar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Saboda haka amfanin cibiya ba ɗaki da intanet ba ne. Amfaninta shi ne abin da kamfani ɗaya ba zai iya saya shi kaɗai ba: na'urar gwajin yoyon lantarki, ma'aunin ƙarfin haske, ma'aunin tsabtar oksijin, akwatin gwajin zafi da laima, da mutum ɗaya ƙwararre a ISO 13485, ƙa'idar ingancin ƙera na'urorin asibiti, da zai zauna da kamfani goma. Waɗannan ba sa kawo riba, kuma babu mai hannun jari da zai biya su. Indiya ta gane haka. Hukumarsu ta BIRAC mai tallafa wa binciken fasahar halittu, wadda aka kafa a 2012, tana ba da tallafin da ya kai rufi miliyan 5 na wata 18, kyauta, amma daki-daki ake sakinsa ta hannun cibiyoyi irin su C-CAMP da ke Bangalor, kuma ba a sakin kashi na gaba sai an cika sharaɗin na baya.

Alhaji Sani:
Malama, Indiya tana da masana'antun da za su buga allon lantarki su zuba roba a unguwa ɗaya. Mu komai sai an yo oda. Sannan ku amsa mini wannan: in na'urar ta gaza, wa ya yi asara? In kuɗin kyauta ne, babu kowa. Mai kamfani ya koma neman wani tallafin, shugaban cibiya ya rubuta rahoto. Dokar ƙananan kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi asusun da NSIA, hukumar zuba jarin gwamnatin Najeriya, za ta kula da shi, na aƙalla naira biliyan 10 duk shekara. Ke nan ba tanadin kuɗi a takarda muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne wanda zuciyarsa za ta buga in kuɗin ya nutse.

Dakta Aminu, likitan yara:
Alhaji, tambayarka ta dace, amma wanda ya fi kowa asara in na'ura ta gaza shi ne jaririn da aka ɗora a kanta. Wannan ne ma ya sa nake tsoron matsin lambar mai hannun jari a matakin farko, domin shi sauri yake so.

Ga misali daga Malawi. Na'urar CPAP mai kumfa, wadda ke tura iska da matsin santimita 5 zuwa 8 na ruwa ta hancin jariri, an ƙera mai araharta mai suna Pumani tare da Jami'ar Rice ta Amurka. A babban asibitin Queen Elizabeth na Blantyre, jarirai masu wahalar numfashi da aka sa musu ita kashi 71 suka rayu, waɗanda aka ba oksijin kaɗai kashi 44. Amma da aka gwada CPAP mai kumfa a kan yara masu ciwon limoniya mai tsanani a asibitin gundumar Salima, inda babu likita mai duba su kullum, mace-mace sun fi yawa a ɓangaren CPAP, kashi 17 a kan 11, har aka tsayar da binciken. Dabara ɗaya ce, wuri da masu kula ne suka bambanta. Kamfanin da ake jira ya kawo riba ba zai biya kuɗin binciken da zai iya cewa kada a sayar da kayansa ga rabin kasuwa ba. Dole kuɗin wannan ya fito daga inda ba a jiran riba.

Haka na'urar yatsa. Binciken da aka buga a 2020 daga Jami'ar Michigan ya nuna cewa a baƙaƙen fata na'urar kan nuna oksijin lafiya alhali ya yi ƙasa a jini, kusan ninki uku na yadda hakan ke faruwa a fararen fata. Duk wanda zai ƙera mana ita sai ya gwada ta a kan masu irin fatarmu, ana sauke musu oksijin a hankali daga kashi 100 zuwa 70 ana kwatantawa da jinin jijiya. Ɗakunan gwajin da ke yin wannan kaɗan ne a duniya, kuma da dala ake biya.

Malam Iliya, mai gyaran na'urorin asibiti:
Likita da Injiniya, ku yi haƙuri, ni ina ganin duk kun wuce inda ciwon yake. Ba sabuwar na'ura asibitocinmu suka fi buƙata ba. Binciken Perry da Malkin na 2011 a ƙasashe 16 masu tasowa ya sami kusan kashi 40 na na'urorin asibiti a ajiye ba sa aiki. Ku duba injin tace oksijin. Kwamfuresa ce ke tura iska cikin tulu biyu masu ɗauke da garin ziyolait, shi ya riƙe naitirojin ya saki oksijin mai tsabtar kashi 90 zuwa sama. Ƙurar hunturu ta toshe matatar waje, wadda wanki kawai take so duk mako, sai kwamfuresa ta ɗauki zafi. Laimar damina ta shiga ziyolait ta kashe shi. Da yawa daga cikin injinan an ƙera su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Mafi muni, injin yana ci gaba da ƙara, ƙwallon ma'auni yana tashi zuwa lita 5, ruwa yana kumfa, amma abin da ke fita ya faɗi ƙasa da kashi 82. In babu ma'aunin tsabta a hannu, babu mai sani.

Ga wuta kuma. Injin lita 5 yana cin kusan wat 350, wato kilowat-awa 8.4 a yini da kwana. Dare kaɗai, sa'a 12, yana son 4.2, ke nan batir litiyam na bolt 48 mai amfiya-awa 100 da ƙyar zai kai asuba da inji ɗaya. Ni shawarata rabin kuɗin cibiyar ya tafi ga kamfanonin gyara: masu sake cika tulun ziyolait, masu ajiye matata da bawul, masu haɗa sola da sitabilaiza.

Injiniya Bashir:
Malam Iliya, rabi ya yi yawa, amma na yarda a buɗe musu ƙofa. Kuma aikin Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2023 kan na'urorin numfashin jarirai, ya faro ne da farfaɗo da tsofaffin kwalaben jarirai da aka jingine. Mai gyara shi ya fi sanin sashin da ke fara mutuwa. Sai dai in ba a ƙera wadda ta dace da ƙurarmu da wutarmu ba, gyaran ba zai ƙare ba har abada.

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar banki:
Alhaji, bari in raba maganarka biyu, domin rabinta gaskiya ce. Bashin banki dai a cire shi: a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5, ga kuma da yawa daga matasanmu da masu kuɗinmu ba za su taɓa kuɗin ruwa ba ko nawa ne. Hannun jari kuma yana biya ne ranar da aka sayar da kamfani ko aka kai shi kasuwar hannayen jari, kuma masu sayen ƙaramin kamfanin na'urar asibiti ba su da yawa a nan.

Abin da zai yi aiki shi ne a bambanta matakai. Daga samfurin farko zuwa rajista, tallafi ne, kashi-kashi, kuma kuɗin gwaji cibiya ta biya ɗakin gwajin kai tsaye, kada ya bi ta asusun kamfani. Kayan aunawa a mai da su waƙafi, mallakar cibiya, ba mai sayarwa ba mai jinginarwa. Daga ranar da aka sami lambar NAFDAC kuma akwai oda a hannu, nan ne wurinka: musharaka a kan odar kanta, ka sayi sassa, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya, asara kuma gwargwadon jarin kowa. Cibiya ta karɓi ɗan kaso daga ciniki har ta mai da abin da ta kashe, sannan ta tsaya. Wani abu kuma, kasafin sassan waje a ajiye shi da dala. Wanda ya yi lissafi a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,400, tallafinsa ya koma kashi ɗaya bisa uku bai taɓa shi ba.

Alhaji Sani:
Hajiya, musharaka a kan oda na karɓa. Amma ban janye ba a kan matakin farko. Ko kashi 10 ne mai kamfani ya kawo daga aljihunsa ko na danginsa. Kuma albashin shugaban cibiya a ɗaura wani ɓangarensa a kan yawan na'urorin da suka kai rajista, ba yawan taron bita ba.

Malama Hadiza:
Sharaɗin albashin na goyi baya, in an ƙara cewa tsayar da na'urar da ta faɗi gwaji shi ma aiki ne da za a lissafa masa, in ba haka ba zai riƙa tura mara kyau gaba. Kashi 10 ɗin ne ban yarda ba. Zai tace mana 'ya'yan masu hali ne kawai, ya bar nas da mai gyara a waje.

Dakta Aminu:
Kuma ina odar za ta fito? Umarnin shugaban ƙasa na Yunin 2024 ya cire haraji a kan wasu injina da kayan haɗa magunguna da na'urorin asibiti na shekara biyu, ya rage tsadar ƙira, amma bai samar da mai saye ba. Jihar da ke son cibiya ta rubuta tun farko cewa na'urar da ta cika sharuɗɗa kaza za a sayi guda kaza, a biya cikin kwana kaza. Jinkirin biyan kwangila na wata shida ya isa ya rufe ƙaramin kamfani. Ko a bi hanyar haya, kamar yadda masu fitilar Crib A'glow ta Virtue Oboro a Bayelsa suke bayarwa, yadda gyara zai zauna a wuyan kamfani.

Sista Maryam, nas a sashen jarirai:
Yallaɓai, duk tsarin da kuka tsayar, a sa nas a kwamitin da ke sakin kashi na biyu na kuɗin, kuma a ba ta ikon cewa a'a. Abin da za ta duba daban ne da naku. Shin robar za ta jure gogewa da ruwan kilorin kullum, ko za ta tsattsage cikin wata uku? Ƙararrawar tana bambanta ɗaukewar wuta da zarewar bututu, ko kuka ɗaya take yi har a gaji a kashe ta? Bututun hanci da wayar yatsa na jarirai, irin waɗanda ake samu a Sabon Gari ne, ko sai na kamfanin kaɗai? Nas ɗaya mai jarirai da yawa a aikin dare za ta iya haɗa ta cikin minti biyu da tocila a baki? Alhaji, in za a rubuta yarjejeniyar oda, a sa kayan canji na shekara biyu da lambar mai gyara da zai iso cikin sa'a 48 a cikin farashin, kuma kada a biya kashin ƙarshe sai na'urar ta yi hunturu ɗaya da damina ɗaya tana aiki a ɗakin jinya.