Wai dole sai an sa "of" bayan "a lot"?

Maman Ilham: Salam jama'a, dan Allah masu Turanci ku raba mu gardama da Baban Ilham. Jiya yarinyar nan ta dawo da littafin insha'inta, ta rubuta "My mother helps me a lot", malaminsu ya zagaye a lot ɗin da jan biro ya rubuta a gefe wai jimlar ba ta cika ba, a lot na me? Babanta ya ce malami ya yi daidai ni kuma wallahi kunnena bai yarda ba. Maki biyu aka cire mata har da kukanta.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Hajiya malamin nan yana kan daidai. Mu yadda aka koya mana a lot of ne, a lot of money, a lot of people, in ka cire of ka bar magana a rataye. Da ta ce very much da babu wanda zai taɓa mata maki.

Malama Hauwa: Alhaji ka yi haƙuri amma a nan kam ban bi ka ba, jimlar yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne ake haɗawa. A lot of yana jiran suna ya biyo bayansa, kuɗi ko mutane ko ruwa. Shi kuwa a lot zalla bayan aikatau, wato kalmar aiki irin su helps, yake zuwa yana bayyana yadda aikin ya kai, ba ya jiran komai. Ai ko a Hausa haka muke yi, in na ce "yana da kuɗi da yawa" kuɗin nake aunawa, in na ce "tana taimaka min sosai" taimakon nake aunawa, akwai wanda zai tsare ni ya ce sosai ɗin me? To abin da Ilham ta rubuta kenan, mahaifiyata tana taimaka min sosai.

Alhaji Bala: To Malama in haka ne me ya sa ba mu gan shi a littattafan da muka karanta ba?

Malama Hauwa: Saboda Turancin hira ne Alhaji, littattafan makaranta kuma sun fi karkata ga Turancin rubutu. Amma kasancewar abu na hira daban, kuskure daban.

Nura: Ni ma da irin tunanin Alhaji nake da shi sai da na zauna da Turawa a wurin aiki, wata rana na ce ma ɗaya "he talks much" ina nufin direbanmu ya cika surutu, ya gane amma da ya maimaita maganar sai ya ce "yes, he talks a lot". Daga baya na lura much shi kaɗai sun fi sa shi a korewa da tambaya, "I don't go there much", "do you travel much?" amma in magana ce ta tabbatarwa a lot suke cewa kusan kullum. Mu kuma nan sai mu cusa too much a ko'ina, "I like you too much", alhali a wurinsu too much ya wuce kima ne, abin ya yi yawa har ya zama matsala.

Anti Zee: Nura ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma ni tambayata, a lot ɗin nan sosai yake nufi ko sau da yawa? don ina ganinsa a duka biyun

Malama Hauwa: Duka biyun Anti, aikatau ɗin ne ke nuna miki. "I miss you a lot" ƙarfin kewar ake nufi, sosai kenan. "We go to Zaria a lot" yawan zuwan ake nufi, muna yawan zuwa Zariya. Akwai ma na uku, "she ate a lot" ko "I learnt a lot", a nan shi kansa a lot ɗin ne abin da aka ci ko aka koya, kamar ki ce ta ci da yawa ba ki ambaci tuwo ba kuma kowa ya gane. Inda ɗalibaina suke faɗuwa shi ne mazauninsa. Ba ya shiga tsakanin aikatau da abin da aikin ya faɗa wa, "I like rice a lot" ake cewa ba "I like a lot rice" ba, daidai da yadda za ki ce ina son shinkafa sosai ba ina son sosai shinkafa ba. Kuma ba ya zuwa kafin aikatau, "I very much like it" ya halatta amma "I a lot like it" babu shi sam.

Alhaji Bala: Na ji bayanin kuma na ƙaru. Amma ni dai har yanzu ba zan bar ɗana ya rubuta shi a WAEC ko NECO ba, yaro ya zauna rubuta wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma ya ce masa abu ya dame mu a lot? Haba.

Nura: A wannan ina bayanka Alhaji, wasiƙar hukuma ko takardar neman aiki gara a great deal ko greatly. Amma in wasiƙa ce zuwa ga aboki ko ƙane ai a lot ne ma ya dace, very much a kowane layi sai wasiƙar ta bushe.

Sadiya: Ni abin da ya fi damuna rubutun ne, rabin mutanen da nake hira da su alot suke rubutawa a haɗe har na fara shakkar kaina

Malama Hauwa: Kar ki yi shakka ƙanwata, kalma biyu ce, a daban lot daban. Alot a haɗe kuskure ne kuma wannan kam duk mai maki zai zagaye shi. Akwai allot mai l biyu amma shi aikatau ne, rabawa ko ware wa mutum kaso. Ita lot ɗin asalinta a tsohon Turanci hlot ce, abin da ake jefawa in za a yi ƙuri'a, daga nan ta koma rabon da ya faɗo wa mutum, ta koma kaso ko tarin kaya, sai can baya ta ɗauki ma'anar yawa. Shi ya sa a ɗin take tsaye ita kaɗai, kamar ki ce tari guda.

Anti Zee: To "thanks a lot" fa? wata ta taɓa ce min zagi ne

Nura: Ba zagi ba ne Anti, godiya ce ta gaske a mafi yawan lokuta, sai dai sukan faɗe shi da gatse in ka ɓata musu rai, murya ce ke bambantawa, a rubuce kuma babu murya shi ya sa ni in babba zan rubuta wa thank you very much nake sawa. Kuma a lura thanks a lot ake cewa, thank you a lot ba ya musu daɗin ji.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Malama. Insha'in fa kan "mahaifiyata" aka ce su rubuta, ba wasiƙar hukuma ba ce. Gobe in Allah ya kai mu zan bi ta makarantar da littafin, ba faɗa zan je yi ba, so nake dai malamin ya sake duba jimlar don kar sauran yaran ajin su tafi da ita a haka.

Alhaji Bala: Ki je da lalama Hajiya, ki same shi shi kaɗai ba gaban yara ba. In kin dawo ki faɗa mana abin da ya ce.