Likita ya ce ni zan riƙa ba shi ƙwayar hana shan giya, in karɓa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tofa baki ba, yau dai larura ta sa. Maigidana ya shekara 11 yana shan giya. Makonni uku da suka wuce ya yi ƙoƙarin bari da kansa, karkarwa ta kama shi har aka kwantar da shi asibiti kwana biyar. Yau kwana 19 bai kurɓa ba. Likitansa ya kawo maganar wata ƙwaya, disulfiram, wasu na ce mata Antabuse, wadda in mutum na shanta ya taɓa giya jikinsa zai rikice. An yi masa gwajin hanta da na zuciya, an ce lafiya lau. Shi da bakinsa ya ce ya yarda. Abin da ya tsaya min a rai shi ne likita ya ce sai an sami wanda zai riƙa miƙa masa kullum da safe, ya tsaya ya ga ya haɗiye, kuma ni aka nuna. Waɗanda suka taɓa wannan aikin, don Allah ku gaya min: in karɓa, ko in ce a nemi wani? Tsorona kada in koma mai gadinsa maimakon matarsa.

Gwaggo Ladi: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da haƙurinki. Shawarata kada ma ki gaya masa. Ki daka ta ki zuba a abinci, in ya sha giyar ya ji jiki sau ɗaya ba zai ƙara ba. Namiji in ya san kina ba shi magani gardama zai yi.

Abu Sadik: A kai shi asibiti tukuna a gwada hantarsa, kada a fara komai da ka.

Maman Biyu: Malam Abu Sadik, ai na rubuta an gwada. Gwaggo, shi ma ya sani, tare muka zauna gaban likita.

Baban Walid: Gwaggo, da girmanki, amma ki janye maganar nan. Ni aka yi wa abin da kike faɗa, kuma saura ƙiris ya zama ajalina.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya ni. Wani ne ya ba ta ƙwayar, ya ce mata tana sa mutum ya tsani giya. Kwana huɗu tana zuba min a abinci ban sani ba. Abin da kawai na lura shi ne bakina na ɗanɗanon ƙarfe, ga barci da rana tsaka, na ɗauka gajiya ce. Rana ta biyar na fita na sha kamar yadda na saba, kuma a lokacin ba kaɗan nake sha ba. Ko minti goma ba a yi ba fuskata ta ɗau zafi kamar an kara min garwashi, kaina na sarawa, zuciyata na dukan ƙirji har ina jin ta a kunne. Na miƙe in fita, ƙafa ta ƙi. Amai na yi ta yi har ba abin da ke fitowa. A asibiti aka ce jinina ya faɗi ƙasa sosai, aka ɗaura ruwa, likitoci na ta tambaya me na ci me na sha, ni kuma ban da amsar da ta wuce giya. Tana tsaye a bakin gado tana kuka, sai da aka yi awa biyu kafin ta fito da kwalbar daga jaka.

Kun san abin da ya biyo baya? Ban daina ba. Na jira kwanaki suka wuce na koma, na ƙara shekara biyu ina sha fiye da da. Abin da na daina shi ne cin abincin gidanta. Shekara huɗu ko ruwa ban sha a hannunta ba. Na san don so ta yi, har gobe na sani, amma wanda aka taɓa zuba wa abu a ɓoye ba ya sake kallon kwano kamar da. Yanzu shekarata shida ban sha ba, kuma ba ƙwaya ce ta raba ni da ita ba.

Gwaggo Ladi: Subhanallahi. Ban san haka abin yake ba, ɗana. Na ji ana faɗa ne kawai.

Hajiya Mai Kemis: Gwaggo, a jikin takardar maganin ma gargaɗin farko ke nan, da manyan baƙaƙe: kada a ba mutum ba da saninsa ba, kada a ba wanda ke cikin maye. Dalili kuwa, hanta na narkar da giya ne hawa biyu. Da farko ta mayar da ita wani sinadari mai guba, asitaldehaid, sannan wani ma'aikacin hantar ya mayar da gubar abin da jiki zai iya fitarwa. Disulfiram wannan ma'aikaci na biyu take ɗaurewa, sai gubar ta taru a jini ninki biyar zuwa goma. Abin da Baban Walid ya ji ke nan. Ga mai ciwon zuciya yana iya zama mutuwa, shi ya sa ba a ba shi, haka mai ciki da mai taɓin hankali. Sannan ba a farawa sai an yi aƙalla awa 12 rabon mutum da giya, a Ingila ma cewa suke awa 24.

Ɗan Gajere: To ni tambayata, babu irinta ta masu cin bashi? Ina da mutum uku da zan saya wa, da sun buɗe baki sun ce "ranta min" sai amai.

Abu Sadik: Ɗan Gajere ka ji tsoron Allah, baiwar Allah na cikin damuwa.

Ɗan Gajere: Afuwan Maman Biyu, Allah ya yaye.

Tsohon Direba: Ni na sha ta wata bakwai. In ka daina, kwana uku ta fita daga jiki. Na sani domin haka nake yi, in daina ranar Talata in sha ranar Juma'a.

Hajiya Mai Kemis: Malam, kada wani ya karanta wannan ya gwada. Har kwana 14 bayan ƙwayar ƙarshe tana iya kama mutum, domin sai hanta ta ƙera sabon ma'aikacin, wanda aka ɗaure ba ya warwarewa. Sa'a ka yi.

Tsohon Direba: Hajiya ke a takarda kika karanta, ni a jikina na gani.

Ummu Hanan: Ƙanena kwana tara da dainawa ya kurkure baki da ruwan wanke baki mai barasa, fuskarsa ta yi jawur. To jikin wa za mu bi?

Tsohon Direba: Ban ce kowa haka yake ba. Amma abin da nake son a gane, duk wanda ya yi niyyar sha zai sami hanya. Na ɓoye ta ƙarƙashin harshe, na sauya ta da bitamin mai kama da ita, na ce na sha a wurin aiki. Kuma ƙwayar ba ta taɓa ƙishirwar giyar ko kaɗan. Kana nan kana so kamar ranka zai fita, tsoro ne kawai ya tsaya tsakaninku.

Baban Walid: Yauwa. Guba ce kawai aka sa mata sunan magani. An ce ma asalinta a masana'antar roba ake amfani da ita.

Hajiya Mai Kemis: Maganar robar gaskiya ce, kuma ba abin ɓoyo ba ne. A 1937 wani likitan masana'antar roba a Amurka ya lura ma'aikatan da ke mu'amala da irin wannan sinadari ba sa iya shan giya. A shekarun 1940 wasu masu bincike biyu a Denmak, Erik Jacobsen da Jens Hald, suna neman maganin tsutsar ciki suka gwada ta a kansu, suka sha giya, suka ji abin da ka ji. A 1951 Amurka ta amince da ita. Asalin abu ba ya sa ya zama guba, yadda aka ba ka ita ne ya cuce ka, Baban Walid. Kuma Tsohon Direba bai yi ƙarya ba game da ƙishirwar. Rage ƙishirwar aikin wasu magunguna ne daban, naltrexone da acamprosate. Sai dai naltrexone ba ta haɗuwa da tiramadol ko kodin, acamprosate kuma sai ƙoda na da lafiya, sau uku a rana ake sha.

Baban Walid: Hajiya kin taɓa tashi da asuba hannunki na rawa har ba ki iya riƙe kofi? In ba ki taɓa ba, ki bar mu da muka shiga ramin mu yi magana.

Nas Mai Aikin Dare: Malam, mu da muke riƙe ku lokacin da kuke jijjiga fa, ba mu da ta cewa? Shekara 14 ina ganin masu shigowa kwana biyu ko uku bayan sun yanke sha lokaci ɗaya, suna gane-gane suna fizge-fizge. Labarinka gaskiya ne, amma labarin mutum ɗaya ne da aka yaudara. Mijin wannan baiwar Allah ya sa kansa ne. An yi babban bincike a Amurka a 1986 kan tsofaffin sojoji 605, aka ga ƙwayar ba ta ƙara yawan waɗanda suka bari gaba ɗaya ba, domin akasarinsu ba sa shanta yadda aka ce. Inda take amfani shi ne inda wani ke tsaye ana haɗiyewa. Shi ya sa likitan ya nemi mutum.

Abu Sadik: Ni na ji akwai wadda ake dasawa ƙarƙashin fata, a huta da wannan rigimar ta kullum.

Nas Mai Aikin Dare: Ana yi a Folan da wasu ƙasashen gabashin Turai, amma ba a tabbatar tana sakin maganin da zai isa ba, ga wurin dashen na iya ruɓa.

Ummu Hanan: Ƙwayar dai ba ta da tsada, wannan kada ya dame ki.

Tsohon Direba: Ba tsada? Ki haɗa da gwajin hanta da ake maimaitawa da zuwa ganin likita, sannan ki dawo mu yi magana. Wani lokacin ma a neme ta a rasa.

Maman Biyu: Na gode muku duka, amma har yanzu ba wanda ya amsa min. Akwai matar da ta taɓa zama mai miƙa ƙwayar?

Anti Rabi: Ni ce, ƙanwata, sai yanzu na shigo. Wata goma sha ɗaya na yi. Makonnin farko sun yi daɗi, shi yake tuna min. Wata na uku ne wuya, ranar da muka yi faɗa kan wani abu daban da daddare, gari ya waye na miƙa masa ya kalle ni ya ce ajiye. Nan na gane ƙwayar ta shiga cikin faɗanmu. Muka koma wurin likita tare, aka yi yarjejeniya a gabansa: shi zai ɗauko kwalbar da hannunsa, a narkar a ruwa ya shanye ina kallo, ni ba na cewa komai sai na gode. Ranar da ya ƙi, ba roƙo ba tsawa, in kira asibiti kawai, kuma ya san da haka tun farko. Ki nemi a sa mutum na biyu, ɗan uwansa ko abokin da yake jin kunya, saboda ranar da ba kwa ga maciji. Ki kwashe turare mai barasa da maganin tari na ruwa, ki karanta jikin komai. In an rubuta masa Flagyl ki ce yana shan disulfiram. In kika ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, a tsaya a tafi asibiti ranar. Ba zan ce miki karɓi ko kada ki karɓa ba, ban san mijinki ba. Nawa ya koma sha sau ɗaya bayan an tsayar da ita, ya sake tashi, yanzu yana zuwa zaman masu fama da irin matsalarsa duk mako.

Baban Walid: Anti kin yi sa'ar likita. Ranar da aka kai ni, ina jin wata ma'aikaciya na cewa a bar shi, shi ya jawo wa kansa, a fara duba masu ciwon gaske. Ina kwance ina jin numfashina na tafiya. Wannan kalmar ta fi ƙwayar yi min ciwo, ita ta hana ni komawa asibiti shekara biyu.

Ummu Hanan: Mu ma an yi mana. Ƙanena na amai, aka kira ɗalibai aka ce ku zo ku ga ƙarshen mashayi.

Nas Mai Aikin Dare: Ba zan kare wanda ya faɗi haka ba, laifi ne babba, kuma na taɓa ji da kunnena. Amma ku ma ku sani dare ɗaya mutum biyu ne ke riƙe da ɗaki cike, wani a buge zai kai maka duka kana neman jijiyarsa.

Baban Walid: Ni ban daki kowa ba. Ko hannu ba na iya ɗagawa.

Gwaggo Ladi: Ɗana, yayar taka fa, kun shirya?

Baban Walid: Muna gaisawa, Gwaggo.

Maman Biyu: Anti Rabi, na tura miki saƙo ta gefe. Ranar Litinin ne za mu koma wurin likita, ina son in ji yadda kika yi da maganar mutum na biyun, domin 'yan uwansa har yau ba su san an kwantar da shi ba.