Musayar Waƙa: Dashen Nan Na Wane Ne?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ni zan buɗe fage, ƙwar huɗu ce, kowa ya rufe baitinsa da "wa". Abin da ya tayar min da waƙar, jiya na bi ta hanyar kasuwarmu inda ƙaramar hukuma ta dasa darbejiya a daminar bara, ranar har da lasifika da masu hoto, wlh na sauka daga mashin na ƙirga ramuka 42, masu rai 3 ne kacal, su ma ukun don suna gaban rumfar wani tsoho mai faci ne da ya kewaye su da tsofaffin tayoyi yake juye musu ruwan alwalarsa. Abin ya tsaya min a rai.

Da sunan Allah za ni farawa,
Wanda ya yi gawo ya yi ɗorawa,
Ya sa wa tsamiya 'ya'yan tsotsawa,
Ya ba matafiyi wurin hutawa.

An zo da mota an jera kujeru,
Manyan gari duka sun taru,
An dasa an ce lamura sun gyaru,
Kowa ya tafi ba mai waiwayowa.

Damina ta ɗauke rani ya kama,
Akuya ta ci ganye ƙasa da sama,
Ba ƙaya ba shinge ba alama,
Sai rami da kara mai bushewa.

Ku gaya min dashen nan na wane ne?
Na ciyaman ne ko na kansila ne?
In na gari ne, garin su wane ne?
Ɗan da ba uwa, wa ke goyawa?

Tsohon Kansila:
Wa alaikumus salam Baban Hauwa, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Na yi kansila zango ɗaya, na ga yadda abin yake daga ciki, ana ware kuɗin sayen iri da na taron ranar dashe amma ba a ware na ban ruwa, alhali mu nan rani ya fi wata bakwai, kuma kuɗin ma a lokacinmu sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha kafin a ga abin da ya iso. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, muna fatan hakan ya tabbata a aikace. Amma ko kuɗi sun zo, akuyar ta mutanen gari ce.

Baban Hauwa zancenka gaskiya,
Na zauna ciki na san tafiya,
A sayi iri a manta rijiya,
Wa zai ja guga ya yi shayarwa?

Takarda ta ce a dasa dubu,
Kuɗin mai ban ruwa kuwa babu,
Rahoton ƙarshe rabinsa jabu,
Rani ya shigo ba mai kulawa.

Amma jama'a ku ma da naku,
Wa ya saki awakin in ba ku?
Dashen da ke daidai ƙofarku,
Ko buta ɗaya kun kasa zubawa.

Maman Ikilima:
Ranka ya daɗe Kansila na ji, amma dan Allah a ji tamu. Duk taron da za a yi kan itace sai a juyo kan mata wai mu ke cinye daji da girki, to da me za mu dafa? Gas ya yi tsada, kalanzir ba a ma maganarsa. Ni da kaina na gina murhun laka mai baki ɗaya, ɗaurin da nake ƙonewa a kwana biyu yanzu yana kai ni huɗu, to mu muna iya ƙoƙarinmu.

Kansila tsaya ka ji ta mata,
Tukunya ba ta jiran jibi ko gata,
Gas ya zama sai gidan 'yan gata,
Da kara da kashin shanu muke dafawa.

Ɗaurin ƙirare ne bisa kaina,
Shi kuke gani da tsakar rana,
Motar gawayi ba ta kwana,
Dare take bi ba mai tarewa.

Ku ba mu dashen mu riƙe da kanmu,
Zogale da mangwaro a gidanmu,
Ruwan wanke-wanke na hannunmu,
Ya ishe su sha har su yi tofowa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwana na Najeriya, ku yi mani haƙuri in tsawaita don wanga zance namu ne. Mu ma mun yi dashe mun gaji, har yau ranar 3 ga Agusta ta samun 'yancin kai ita ce ranar dashen icce a Nijar, amma abin da ya maido mana da daji ba dashe ba ne. A 1983 wani bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maraɗi ya lura cewa 'yan tsirran da mu ka sassabewa mu ƙone kowace shekara kamin shuka ba ciyawa ba ne, kututturan icce ne da saiwarsu ke da rai ƙarƙashin ƙasa, wata ta yi shekara da shekaru tana jiran a ƙyale ta. Sai aka ce wa manoma ku zaɓi reshe 3 zuwa 5 masu ƙarfi bisa kowane kututture, ku datse saura, ku riƙa yi masu aski suna miƙewa. Da farko mutane sun ƙi, har ana kiran masu yi mahaukata don an saba gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, sai da yunwar 1984 ta zo aka haɗa abin da taimakon abinci sannan mutane da yawa sunka gwada. Mu nan sassaben zamani mu ka ce mashi. Yau ana lissafin hekta miliyan 5 da icce kamar miliyan 200, mafi yawa jihohin Maraɗi da Damagaram. Kuma ku riƙe wannan da kyau, da can icce na gwamnati ne ko yana tsakiyar gonarka, ka taɓa shi 'yan gandun daji su ci ka tara, shi ya sa manomi ke kashe shi tun yana ƙarami don kar ya jawo mashi rigima. Da aka sassauta, mutum ya san wanda ya rena nashi ne, sai gonaki sunka cika. A watan Yuli 2020 ma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar ma manomi haƙƙin iccen da ya rena.

Mu ma mun dasa mun ga rashi,
Iska ta binne hatsi da yashi,
Shuka ukku, ga yunwa ga bashi,
Ashe saiwa na ƙasa da rayuwa.

Kututturen sabara da kalgo,
Da a sassabe shi kowane zango,
Yau shi ka rufe ƙasa kamar bargo,
Reshe ukku mu ka bari shi yi tasowa.

Gawo sarkin icce na gona,
Da damana shi zubda ganye shi kwana,
Hatsi ƙarƙashinai shi samu rana,
Da rani bisashe su sha inuwa.

Ba mota ba tanki ba kwangila,
Adda da lauje sun isa, Kansila,
In icce naka ne ba wata matsala,
Kai za ka tashi dare kana dubawa.

Baban Hauwa:
Allahu Akbar! Wlh gonar mahaifina cike take da kututturen kalgo, duk shekara ni nake sa yara su sare. Amma Ɗan Maraɗi akwai saura.

Na ji na yarda na kuma gode,
Amma in na rena reshe ya daɗe,
Wani ya zo da gatari ya sanɗe,
Gun wa zan kai kuka a yi saurarawa?

Bappa Makiyayi:
Na san in aka ce "wani ya zo da gatari" mu ake nufi, to gara in shigo da kaina. E muna saran reshen gawo da na marke a ƙarshen rani in shanu sun rame, ba zan musa ba, amma burtalin da kakana ya bi da garke yanzu duk an nome shi, mashayar ma an kewaye, kuma ba a taɓa kiran mu taron gari ba sai in an yi ɓarna.

Baban Hauwa na ji kiranka,
Garkena ne ya taki gonarka,
Kashin shanuna yana hatsinka,
Gawon nan ni ma ina son ya yi daɗewa.

'Ya'yansa in saniya ta haɗiye,
Can a daji take zuwa ta ajiye,
Da damina ya tsiro a ɓoye,
Mu ma mun iya irin tamu shukawa.

Ku buɗe burtali ku sa mana iyaka,
In za a zauna a kira mu ɗaka,
A nuna min reshen da zan sara maka,
Ba za ka ga gatarina yana wucewa.

Ɗan Maraɗi:
Bappa ka yi magana, haka aka yi a Ɗan Saga cikin gundumar Agye. Gari ya kafa kwamitin tsaro, akwai manoma akwai mata akwai Fulani makiyaya ciki, su ka zagaya gonaki, su ka yanka tara ga wanda ya sari iccen wani, hukuma kuma ta tsaya bayansu in mai laifi ya ƙi biya. Tsofaffinmu na ba da labarin wani Sarkin Damagaram da ya sa hukuncin kisa bisa saran gawo, mu dai yanzu tara ta isa in kowa ya yarda da ita.

Doka in gari ne ya yanke ta,
Mai gari da liman sun shaide ta,
Magajin gari ya sa hannu ya kare ta,
Ba ta kwana biyu ta yi rushewa.

Tsohon Kansila:
To ai ga aikin ƙaramar hukuma nan an shimfiɗa mana. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti kusan kilomita 8,000, a Najeriya jihohi 11 ne a ciki har da Kano da Katsina da Jigawa da Yobe da Sakkwato, aka kafa masa hukuma a 2015, shi ma tafiya ta yi tafiya an gane jera dashe kaɗai ba zai kai ba, an shigo da irin dabarun manoman Nijar. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar cikin gida, kuma wannan ba ta buƙatar kwangila. Zan rubuta daftari in kai wa kansilan mazaɓarmu na yanzu, ƙanena ne a unguwa.

Zan rubuta: mai gona shi ke da itacensa,
Dashen titi a ba mai ƙofa amanarsa,
Malamin gona ya fito daga ofis ɗinsa,
Ya shiga ƙauye ya yi koyarwa.

Maman Ikilima:
A sa mata a kwamitin fa Kansila, ba a ƙarshen takarda ba. Kuma rassan da ake askewa a bar mana su, itacen girki ne.

In an yi aski reshe ya faɗi,
Mu za mu tsince, a bar dogon faɗi,
Miya ta dahu tuwo ya yi daɗi,
Uwar itacen tana nan tana tsayuwa.

Baban Hauwa:
Alhamdu lillahi. Da yamma na koma wajen Baba mai faci na karanta masa baitocinku, ya yi ta murna, ya ce yana da tayoyi 9 da ba sa gyaruwa zai ba mu. Mai unguwa ya yarda ranar Asabar bayan sallar asuba mu bi ramukan nan gida gida a rubuta sunan wanda kowanne ke ƙofarsa kafin ruwa ya sauka, Bappa in kana kusa ka taho mana da ƙayar magarya, Ɗan Maraɗi dan Allah turo hoton yadda ake askin in nuna wa yara kafin su shiga gonar mahaifina da adda.

Baba mai faci ga gaisuwarka,
Darbejiya uku na gaban rumfarka,
Sun fi ni tsawo da ruwan butarka,
Ta tsakiyar har ta fara inuwa.