Rami ko saman dutse: gardamar motar Alhaji Sabo

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum mutanen gida. Ga wata magana da muka kwana muna ja da ƙanena Nura da ke can Turai, na ce bari in kawo ta zaure kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Motar nan mai ɗaki da wani bawan Allah ya ba ni sautunta, wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, an same ta kusa da Turin a Italiya. Jirgin da zai kawo ta Legas kuwa a Antwerp zai yi lodi, can Beljiyam, kusan kilomita 1,000 tsakani, kuma sai an tsallake tsaunukan Alps. Ko a bi ramin Fréjus da aka huda ta ƙarƙashin dutse a biya kuɗi, ko a hau ta saman Mont Cenis kyauta. Ni matsayina ɗaya ne: duk wanda ya biya kuɗin titi alhali ga hanyar kyauta a gefe, bai san zafin nema ba. Daga Turin har bakin jirgi kada a ba tolget ko sisi.

Nura: Wa alaikumus salam. Yaya, ni fa ban ce kada a hau ba. Cewa na yi abu biyu kake haɗawa wuri guda. Kauce wa ramin daban, kauce wa duk manyan titunan Faransa daban.

Habu Bakanike: Hhhh. Mutumin da duk dutsen da ya taɓa hawa a duniya Dala ne da Goron Dutse, shi ma da ƙafa, yau shi ke ba da fatawar hawan Alps.

Alhaji Sabo: Habu, wasan taubasantaka ba zai biya min yuro ba. Nura, faɗa musu kuɗin ramin su ji.

Nura: Gaskiya nan kam Yaya yana da hujja. Ramin kilomita 12.9 ne, daga Bardonecchia ya ɓulla Modane, tun 1980 ake binsa. Ƙaramar mota ma wucewa ɗaya ta haura yuro 50. Kuma su tsayin mota suke dubawa. In ta wuce mita 3 an fitar da ita daga sahun ƙanana, kuɗin ya fi ninki uku. Ga kuma kuɗin titin da zai kai ka bakin ramin daga Turin, ga na wanda zai karɓe ka a ɓangaren Faransa.

Alhaji Sabo: To kun ji. A canza wannan zuwa naira a gani ko ba kamashon mutum ba ne sukutum.

Kawu Ɗanjuma: Salamu alaikum. Sabo, na karanta. Ni ban san ƙasar Turawa ba, amma na san dutse, domin a kan sitiyarin babbar mota na tsufa. Je ka tambayi duk direban da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga abin da ake kira Hawan Kibo. Hawan ba shi ke kisa ba, gangara ce. Mota mai nauyi in ta kama gangara, nauyinta ne ke tura ta, ba inji ba. Yaro sai ya ɗora ƙafa a birki ya bar ta a kai. Lanƙwasa ɗaya, lanƙwasa biyu, lanƙwasa uku, takalmin birki ya yi ja, sai ka ji ƙauri. Daga nan ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa salin alin, babu abin da ya riƙe. Wanda bai taɓa jin wannan ba bai san tashin hankali ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Alhaji Sabo: Allah ya ƙara girma Kawu. Amma ai wannan ba tirela ba ce da lodin siminti.

Kawu Ɗanjuma: Shi ne ma abin tsoron. Tirela tana da birkin iska, tana da birkin inji, an yi ta don wahala. Ita wannan jikin bas ne aka ɗora wa ɗaki, da tankin ruwa, da firiji, da katako. Birkin ƙaramar mota, nauyin babba.

Habu Bakanike: Yanzu bari in ajiye wasa. Abin da Kawu ya kwatanta sunansa tafasar man birki. Man birki yana shan laima daga iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, shi ya sa feda ke nutsewa. Irin waɗannan motocin kuma zamansu ya fi tafiyarsu yawa. Bature ya fita da ita hutu wata ɗaya, sauran shekara tana ajiye. Za ka ga kilomita kaɗan a agogo ka yi murna, alhali mai ya lalace, taya ta bushe ta tsattsage. Nura ka duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Mustafa: Kawu, a yi min afuwa in ɗan saɓa. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma a duba ta wane ɓangare za a hau. Daga Italiya ake tahowa. Garin Susa da ke gindin dutsen tsayinsa daga teku wajen mita 500 ne, kusan daidai da Kano. Daga nan sai a yi ta hawa kimanin kilomita 30 har a wuce mita 2,000. Amma saukar ɓangaren Faransa gajeriya ce, kamar kilomita 10 zuwa Lanslebourg, wanda shi kansa yana wajen mita 1,400. Wato doguwar wahalar hawa ce, gangarar ba ta kai rabinta ba. Da daga Faransa za a shiga Italiya, da ni ma na bi bayan Kawu ido rufe. Kuma hanyar ba ta awaki ba ce, Napoleon ne ya sa aka gina ta a farkon shekarun 1800 don sojoji da kekunan doki, kafin a huda ramin kuwa ta nan manyan motoci suke wucewa.

Alhaji Sabo: Allah ya yi maka albarka Mustafa. Karatu bai faɗi ƙasa banza ba.

Mustafa: Amin Baffa, amma kada ka yi saurin sa min albarka, ban gama ba.

Kawu Ɗanjuma: Ɗana, kilomita 10 kaɗan ce a takarda. Birki ba ya buƙatar kilomita 10 kafin ya ƙone. Amma na yarda, in hawan ne mai tsawo to ido ya koma kan lagireto. Allurar zafi ita ce abar kallo. A kashe na'urar sanyi, a riƙe ƙaramar giya inji yana juyawa da kyau, kada a bar shi yana nishi a babbar giya. In an zo saukowa, giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai. Birki a taka da ƙarfi a saki, a taka a saki, ya sha iska. Kuma kada in ji an saki mota a firi wai ana tattalin mai. Wannan ɗabi'ar ta cika maƙabarta.

Hajiya Babba: Ni duk wannan lissafin naku ban gane rabinsa ba. Tambayata ɗaya ce, wa zai ja motar? In Nura ne, ban yarda ba. Sabo kana zaune a Zoo Road cikin fanka kana tura min ƙane kan dutse saboda canji.

Alhaji Sabo: Haba Yaya, canji? Kin ji adadin kuwa?

Hajiya Babba: Na ji. Ko nawa ne bai kai Nura ba.

Nura: Yaya Babba kwantar da hankalinki, mai yiwuwa ma doka ta riga ki hana ni. Lasisina na B ne, iyakarsa tan 3.5. In takardar motar ta nuna ta wuce haka, sai mai lasisin C1, wanda ya kai tan 7.5. Mai sayarwar ya ce min "babba ce", ban ga takardar da idona ba tukuna. In ta wuce, dole a ɗauki direba, su kuwa a nan da yini ake biyansu, har da abincinsa da makwancinsa.

Habu Bakanike: Makwanci? Ba ga gado a cikin motar ba? Alhaji ga wata ribar ka samu.

Mustafa: To nan ne maganar Baffa ta biyu take rushewa. A babban titin kuɗi mota tana tafiya sambal, babu tsayawa. A ƙananan hanyoyin Faransa tun Yulin 2018 aka mayar da iyakar gudu kilomita 80, wasu yankuna sun koma 90 daga baya, cikin gari kuma 50 ko ma 30. Ga shataletale a kowane ƙauye. Kowane shataletale sai ka tsayar da tan huɗu ka sake tayar da shi, gas ne ke ƙonewa, kuloci ne ke cinyewa. Tafiyar da za a yi a yini ɗaya da rabi sai ta ci biyu ko uku. In kana biyan direba da yini, abin da ka hana tolget ka miƙa masa. Sannan mota mai tsayi a cikin tsofaffin garuruwa, wata gadar jirgin ƙasa ba za ta shige ba, sai an yi ribas da mota mai mita bakwai mutane suna ta hon.

Alhaji Sabo: Ku 'yan boko komai sai kun mayar da shi jarrabawa. Mu nan Obasanjo ya rushe tolget a ƙarshen 2003, an mutu ne?

Kawu Ɗanjuma: An mutu mana, Sabo. Hanyar Kaduna zuwa Kano kafin a taɓa ta, nawa ta ci? Ba ina cewa kuɗin tolget ɗin da muke biya a da yana zuwa inda ya dace ba ne, wannan wata maganar ce.

Mustafa: Kuma ai ya dawo. Tun 2025 ake karɓa a hanyar Abuja zuwa Makurdi ta Keffi da Akwanga da Lafiya.

Alhaji Sabo: To a bi ta Suwizalan mana. Na ji ance can sitika ɗaya ake saya, faran 40, shekara guda kana yawo.

Nura: Wannan na motar da ba ta wuce tan 3.5 ba ne. Wadda ta wuce tana da nata harajin na manyan motoci, kuma shi ba ruwansa da wace hanya ka bi, ko ta ƙauye ka ratsa sai ka biya. Ga kwastan a shiga da fita tunda ba sa cikin Tarayyar Turai, mu kuma da lambar fitarwa ta wucin gadi za mu taho. Ban son wannan ciwon kan. Abin da na gani mai kyau shi ne a haura Faransa ta gabas. Titin A31 daga wajen Toul, ta Nancy da Metz har Luksambok, ba a biyan komai kuma babban titi ne. A sha gas a Luksambok inda ya fi araha, titunan Beljiyam kuma ba su da tolget irin na Faransa.

Alhaji Sabo: Ka ga! Ashe akwai kyautar. Tun ɗazu kake ɓoye min.

Nura: Akwai a wani yanki, Yaya, ba duka ba. Tsakanin Chambéry da Toul ni dai biya zan so a yi.

Hajiya Babba: Wai yaushe ne tafiyar ma?

Alhaji Sabo: Wanda ya ba ni sautun ya ce zai cika kuɗi ƙarshen Oktoba. Ko farkon Nuwamba in Allah ya yarda.

Nura: Kai Yaya! Wannan ai da shi ya kamata ka fara. Mont Cenis rufe shi ake yi in ƙanƙara ta sauka, yawanci daga Nuwamba har wajen Mayu. Ba maganar jarunta ba ce, shinge ake sawa. Kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris dokar Faransa ta wajabta tayar sanyi ko sarƙar taya a yankunan dutse irin su Savoie. Wanda ke zama a buɗe duk shekara shi ne Montgenèvre, wajen mita 1,850, amma shi Briançon yake sauke ka, daga can kuma sai ka sake hawa Lautaret, sama da mita 2,000, kafin ka ga Grenoble. Dutse biyu ke nan a cikin sanyi.

Kawu Ɗanjuma: Dutse biyu da ƙanƙara a ƙasa, da motar da ba a san birkinta ba. A'a. Wannan ko ni da ƙuruciyata ba zan karɓi makullin ba.

Mustafa: Ni ga inda na tsaya. In an biya kuɗi da wuri, hanya a buɗe, rana ta fito, an zuba sabon man birki, taya lafiya, direba ya san dutse, to a hau Mont Cenis, Baffa ya ci ribarsa halak malak, musamman in motar ta wuce mita 3. In an shiga Nuwamba a bi rami a biya.

Alhaji Sabo: Sharaɗi shida kafin a ba ni gaskiyata. Ko auren 'yar sarki bai kai haka ba. Ni har yanzu ina nan a kan bakata, kuɗin ramin nan zalunci ne.

Habu Bakanike: Zalunci ne, amma da shi za a wuce. Ka matsa wa mai kuɗin ya cika kafin tsakiyar Oktoba, shi ne kawai dabarar da ta rage maka.

Hajiya Babba: Ko a Oktoba ko a azumi, ba Nura ba dai.

Nura: Ranar Asabar zan je da tef in auna tsayinta, in ɗauko hoton takardar nauyi da lambar tayoyi in turo. Habu ka rubuto min abin da zan sa bakaniken can ya duba bayan man birki.

Habu Bakanike: Ruwan lagireto, fanka tana tashi ko ba ta tashi, bel, kuloci, birkin hannu. Kuma a zubar da ruwan tankin wanka kafin a hau, kowace lita kilo ɗaya ce a banza.

Alhaji Sabo: Shi wannan bakaniken da yuro za a biya shi ko? Daga aljihun wa?

Nura: Naka, Yaya.

Alhaji Sabo: Bari in kira mai motar.