Da Jane 'yata ce, da ba ta koma wa Rochester ba

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Na gama karanta Jane Eyre, kuma wallahi raina a ɓace yake. Kun yi ta zuga mini littafin nan wai soyayya ce ta gani ta faɗa. Wace soyayya? Mutumin nan Rochester ya kulle matarsa ta aure a ɗaki a hawa na uku, ya ajiye mata mai tsaro, ya sauko ƙasa yana neman 'yar aikin gidansa, Jane, mai shekara 18, alhali ya kusa ba ta shekara 20. Bai taɓa ce mata yana da iyali ba. Sai da suka tsaya a coci za a ɗaura aure, lauya ya miƙe ya ce auren nan ba zai ɗauru ba, ga ɗan'uwan matar nan shaida. Da asiri ya tonu ko kunya bai ji ba, cewa ya yi ta zo su tafi kudancin Faransa su zauna. Zaman me? Dadiro. Ta gudu, na ce madalla da 'yar halak. Ƙarshen littafi kuma ta kwaso ƙafa ta dawo ta aure shi. Ni da 'yata ce, sai dai bayan raina. Ku gaya mini me ya mayar da ita.

Malamar Sakandare: Wa alaikumus salam. Anti, ki yi haƙuri, Jane ba 'yar aiki ba ce. Malama ce. Shekara 6 ta yi tana ɗaliba a makarantar Lowood, ta ƙara 2 tana koyarwa, sannan da kanta ta ba da talla a jarida tana neman gidan da za ta karantar da yara. Adele, yarinyar da Rochester ke riƙo, aka ɗauke ta ta koyar, ba wanke-wanke ba.

Ɗan Zariya: Malama, wanda yake kwana a gidanka, yake cin abincinka, yake karɓar albashi a hannunka, mene ne sunansa? Fam 30 ake biyanta a shekara. Kuma da bakinta take kiransa ubangidana, har bayan sun yi alkawarin aure.

Malamar Sakandare: To ni ma albashi nake karɓa, 'yar aiki ce ni? A Lowood fam 15 take samu, ilminta ne ya ninka mata shi. Ita marubuciyar, Charlotte Brontë, ta yi wannan aikin a gidajen masu kuɗi kafin littafin ya fito a 1847. Ta san zafinsa: ba ka cikin masu gida, ba ka cikin masu hidima, kana nan tsakiya kai kaɗai.

Ɗan Zariya: Ki tuna daren da baƙi suka cika falo. Biyu daga cikin baƙin, Blanche Ingram da uwarta, suka zauna suna zagin irin waɗannan malaman, suna ba da labarin yadda suka wahalar da nasu, Jane tana zaune a jikin taga tana ji, ba ta ce uffan ba. Da baƙuwa ce mai daraja, wa zai yi haka a gabanta?

'Yar Funtuwa: Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda Malama ta zabura kamar an zagi Jane. Mene ne aibin 'yar aiki? Ni na yi aikatau a Kano ina yarinya. A kicin nake kwana a kan buhu, ni ce farkon tashi ni ce ƙarshen kwanciya, kuɗin kuma hannun matar da ta kawo ni yake zuwa, ban taɓa riƙe shi ba. Yau ga ni ina karanta littafin da kike karantawa. Ki faɗa mini da me Jane ta fi ni.

Malamar Sakandare: Ƙanwata, wallahi ban raina kowa ba. Gyara kawai na yi.

'Yar Funtuwa: Gyaran ne ya nuna abin da ke ranki, Yaya.

Hajiya Uwargida: Duk kun taru a kan Jane, ita baiwar Allah da aka kulle babu mai ambatonta. Bertha Mason sunanta. Daga Jamaika ya auro ta, kuma don kuɗi: mahaifinsa ne ya ƙulla auren saboda fam 30,000 da za ta zo da su, tunda gadon gidan an tanadar wa wansa. A dokar Ingila ta lokacin, abin da mace ta shigo da shi na miji ne, sai a 1870 da 1882 aka gyara. Ya ci dukiyarta, ya rufe ta kusan shekara 10 a ɗakin da ko taga babu, ya tafi yawon Turai yana ajiye mata. Uku ya lissafa wa Jane da bakinsa.

Ɗan Zariya: Hajiya, a yi wa mutumin adalci. Ba shi da mafita. Kafin 1857 sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ake raba aure a Ingila, hauka kuma bai zama dalilin saki ba sai 1937. Ba saki, ba ƙari. Da a wurinmu ne, da ya ƙara aure ya ci gaba da jinyar ta farko, kowa ya huta.

Hajiya Uwargida: A wurinmu ɓoye uwargida ake yi, Malam? Ko iyayen yarinya ba sa bincike? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jane marainiya ce, ba uwa ba uba ba waliyyi a kusa, shi ya sa ya zaɓe ta.

Amaryar Bana: Amma Hajiya, matar nan mahaukaciya ce tuburan. Ta cinna wa gadonsa wuta yana barci, ta soki ɗan'uwanta da wuƙa ta cije shi, ta shiga ɗakin Jane da dare ta yaga mayafin amarcinta. Ai ya yi ƙoƙari da bai kai ta gidan mahaukata ba.

Hajiya Uwargida: Yadda ciwon ya faro daga bakin wa muka ji? Daga bakin mijin. Ita ba a ba ta dama ta ce komai ba a duk littafin. Shi ya sa wata marubuciya, Jean Rhys, ta rubuta labarin daga ɓangarenta a 1966. Amma na san amare, kullum ta ciki ce mai laifi.

Amaryar Bana: Hajiya, kar ki sako gidana a ciki. Ni da tawa uwargidan lafiya lau muke.

Hajiya Uwargida: Allah ya ɗorar. Ban kira sunan kowa ba.

Amaryar Bana: Ba yau kika fara ba. Ranar walimata ma abin da kika rubuta a zauren nan kowa ya gani.

Maman Ilham: Jama'a, don Allah. Tambayata ita ce me ya mayar da ita. Har yanzu ba wanda ya amsa mini.

Malamar Sakandare: Anti, ba yadda ta fita ta koma ba. Baffanta na tsibirin Madeira ya rasu ya bar mata fam 20,000, ta raba huɗu da 'yan'uwanta, kowa 5,000. Ɗaya daga cikinsu, St John, limamin coci, ya matsa mata ta aure shi su tafi Indiya yaɗa addini, ta ƙi, don ta ga ba sonta yake ba, mataimakiya yake nema. Kafin ta isa, Bertha ta ƙone gidan ta faɗo daga rufi ta mutu, shi kuma ya rasa hannu ɗaya ya makance wajen ƙoƙarin fitar da mutane. Da kuɗinta ta koma, da zaɓinta.

Ɗan Zariya: Yawwa. Da kuɗi suka zo ta ajiye aikin. Ashe dai don ciki take yi, kamar kowace 'yar aiki.

Malamar Sakandare: Bayan ta gudu wane aiki ta kama? Makarantar 'yan mata ta ƙauyen Morton ta riƙe, tana koyar da 'ya'yan manoma. Ka karanta littafin kuwa, ko fim ka kalla?

Ɗan Zariya: Na karanta tun kafin ki shiga aji ɗaya.

'Yar Funtuwa: Har yanzu ina jiran a gaya mini aibin 'yar aiki.

Yaya Admin: To, ya isa haka, bari in tattara. Magana ta farko, Malam Ɗan Zariya ya kawo hujja daga cikin littafi cewa a ƙarƙashin Rochester Jane take, kuma ba a karya hujjar ba. Ta biyu, mun fahimci cewa dokar auren mace ɗaya ce ta matse bawan Allahn nan har ya yi abin da ya yi, kuma ya biya da idonsa da hannunsa. Jane da kanta ta yafe masa, suka haihu, har idonsa ɗaya ya fara gani bayan shekara 2, don haka ban ga abin da zai sa Maman Ilham ta fi mai abu zafi ba. Hajiya, maganar Jamaika da dukiya ba ita aka tambaya ba. Ke da Amarya ku ƙarasa taku ta waya. Na rufe zaure sai bayan isha'i.