Katin sadarwa NE2000 ya rasa IRQ a kwamfutar 486, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfuta ce 486 DX2-66 mai ramukan ISA (inda ake soka katuna a cikin kwamfuta), tana kan MS-DOS 6.22. Linzami yana mashigar COM1, adireshi 3F8h, IRQ 4 (IRQ shi ne layin da na'ura ke jan hankalin kwamfuta da shi). Modem yana COM2, 2F8h, IRQ 3. Katin sauti Sound Blaster 16 kuma ya riƙe 220h, IRQ 5, DMA (hanyar kai bayanai ma'ajiya kai tsaye) 1 da 5, sashensa na kiɗan MIDI yana 330h.

Katin sadarwa NE2000 ne ya hana ruwa gudu. Jamfarsa (ɗan maɓallin saiti da ke jikin katin) IRQ 2, 3, 4 da 5 kaɗai take bayarwa. Batun adireshi ya warware: katin yana cin gurbi 32, don haka 320h zai hau kan 330h na MIDI, 360h kuma zai taɓa 378h na firinta. An bar shi a 300h.

A IRQ 3, da zarar modem ya fara kira sai komai ya daskare, domin layin ISA ba ya ɗaukar kati biyu lokaci guda. A IRQ 2 direban (manhajar da ke sarrafa katin) yana lodi lafiya, yana nuna lambar katin daidai, amma ko fakitin bayanai ɗaya ba ya shigowa. Tunda a injin AT (tsarin kwamfutoci irin wannan) ana karkatar da wannan layin zuwa IRQ 9, shin 9 za a rubuta wa direban ko 2? Ko katin hoto na VGA ne ke riƙe da layin?

In kuwa aka mai da katin sauti IRQ 7 don a samu 5, zai yi karo da LPT1 (mashigar firinta) lokacin buga takarda? Don Allah wanda ya taɓa haɗa irin wannan ya taimaka.