Jerin fayilolin da na buɗe kwanan nan ya ɓace daga sandar ƙasa a Windows 10

Sakataren Makaranta:

Assalamu alaikum. Ina aiki da kwamfutar tebur mai Windows 10, kuma na saba idan na danna ɓangaren dama na linzami a kan alamar Word ko Excel da ke sandar ƙasan allo, sai jerin takardun da na buɗe kwanan nan ya bayyana, tare da waɗanda na maƙala da kaina, kamar rajistar ɗalibai da jadawalin jarrabawa. Yanzu idan na danna, sunan manhajar kawai nake gani da umarnin rufe ta. Takardun suna nan lafiya a inda na adana su, amma neman kowacce daga folda zuwa folda yana cinye mini lokaci, musamman da ƙarshen zango ya matso. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, ba ta sauya zani ba. Ina neman shawararku.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Wa'alaikumus salam, Malam. Wannan jeri shi ne kamfanin Microsoft ke kira Jump List, kuma ya fara zuwa ne da Windows 7 a shekarar 2009. Kafin a taɓa komai, ka shiga Settings, sannan Personalization, sannan Start, ka duba maɓallin da rubutunsa ya fara da "Show recently opened items". Idan a kashe yake, ka kunna shi. Sai dai ka sani cewa kashe shi yana share tarihin da aka tara, saboda haka tsohon jerin ba zai dawo ba. Sai ka buɗe wasu takardu sannan sabo ya fara taruwa.

Sakataren Makaranta:

Na gode, Injiniya. Na duba, a kunne yake. Abin da na lura kuma shi ne jerin Notepad yana nan yadda yake, na Word da Excel ne kaɗai suka zama wayam.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta:

Malam, wannan bayani na biyu ya rage mana aiki, domin da matsalar daga saiti take, da duk manhajojin ta shafa gaba ɗaya. Windows tana ajiye jerin kowace manhaja a ƙaramin fayil nata na daban, kuma idan fayil ɗaya ya lalace, manhajarsa kaɗai ke rasa jerinta. Daga cikin abubuwan da ke lalata irin waɗannan fayiloli akwai mutuwar kwamfuta kwatsam tana tsakiyar rubutu, wanda ba baƙon abu ba ne ga kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato na'urar batir mai riƙe mata wuta na ɗan lokaci, idan aka ɗauke wuta.

Ka rufe Word da Excel, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan daidai:

%APPDATA%\Microsoft\Windows\Recent\AutomaticDestinations

Dole ne a rubuta adireshin da hannu, saboda foldar ba ta bayyana idan aka bi ta hanyar da aka saba. Za ka tarar da fayiloli masu sunaye na lambobi da haruffa a cakuɗe, kowanne yana ƙarewa da automaticDestinations-ms. Da yawa suna ba da shawarar a goge su duka, amma ni ban goyi bayan hakan ba, domin abubuwan da ka maƙala a sauran manhajoji, har da foldodin Quick Access, wato waɗanda ka maƙala a gefen File Explorer, a cikinsu suke, kuma za su tafi tare. Abin da ya fi shi ne ka fara kwafe su duka zuwa wata folda a matsayin ajiya. Daga nan ka buɗe wata takarda a Word, ka jera fayilolin bisa lokacin da aka sauya su, ka ga wanda ya hau sama. Shi ne na Word, in dai sunansa bai fara da f01b4d95cf55d32a ko 5f7b5f1e01b83767 ba, domin waɗannan biyun na Quick Access ne kuma su ma suna iya hawa sama. Ka rufe Word, ka fitar da wannan fayil daga foldar, ka yi haka ga Excel, sannan ka buɗe Task Manager ka zaɓi Windows Explorer ka danna Restart. Windows za ta ƙirƙiri sabo da kanta.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Bayanin Malama daidai ne. Ƙarin da zan yi shi ne, idan jerin ya cika da rana amma washegari ka iske shi babu komai, to ka binciki manhajar share tarkace idan an saka maka ita, domin wasunsu suna goge wannan jeri a duk lokacin da suka yi shara. A kwamfutocin ofis kuma akan shiga gpedit.msc, wato wurin saita dokokin Windows, a kunna wata doka mai suna "Clear history of recently opened documents on exit", wadda ke share tarihin da zarar mutum ya fita daga asusunsa.

Sakataren Makaranta:

Na bi matakan Malama, kuma da na buɗe rajistar ɗalibai na rufe, sai ga sunanta a jerin Excel. Na sake maƙala takardun da nake buƙata ɗaya bayan ɗaya, kuma da safiyar yau na tarar da su suna nan. Zan gabatar wa shugaban makaranta buƙatar sayen UPS. Allah Ya saka muku da alheri.